Itatuwa 14 a Kan Yashi Ɗaya: Abin da Shekara 30 Ta Yi wa Ƙasar Dajin Siemianice

A shekarun 1970 da 1971, ma'aikatan gandun daji a Siemianice da ke ƙasar Polan sun sare wani dajin itacen Pinus sylvestris (itace ne mai ganye siriri kamar allura) mai kusan shekara 80 da dasawa. Suka tumɓuke kututture, suka kafce ƙasar, sannan suka yanka ta ƙananan filaye, kowanne mita 20 a tsawo, mita 20 a faɗi. Kowane fili aka ba shi irin itace ɗaya tak, ana barin mita ɗaya tsakanin dashe da dashe. Iri 14 aka dasa. Abin da aka fara sa wa ido shi ne girman itatuwan, wato wanne zai yi saurin tashi a wannan ƙasa mai yashi. Sai bayan shekara 30 wasu masana suka zo suka sunkuya, suka duba abin da itatuwan suka yi wa ƙasar da ke ƙarƙashinsu.

Dalilin da ya sa wurin yake da daraja a idon masana ƙasa shi ne wata tambaya da dajin da ya fito da kansa ba ya iya amsawa. Idan ka tarar da wani itace a kan ƙasa mai kyau, shin itacen ne ya gyara ta, ko kuwa dama can mai kyau ce shi ya sa ya zauna a kanta? Ba yadda za a raba gardamar sai an sami wurin da aka dasa iri daban-daban a lokaci ɗaya, a kan ƙasa mai asali ɗaya, ruwan sama ɗaya yana dukan su, sannan a yi haƙurin jira. Itace ba masara ba ne. Wanda ya dasa ba lalle ne shi zai ga sakamako ba.

Filin da abin da ke cikinsa

Ƙasar Siemianice yashi ce da ruwan narkakkiyar ƙanƙara ya baza tun zamanin da ƙanƙara ta lulluɓe wannan yanki na Turai. Ba ta da ƙarfi sosai. Ruwan sama bai cika kai milimita 600 a shekara ba, matsakaicin zafi kuma bai wuce digiri 8 da ɗoriya ba. Filayen da aka yi nazari a kansu 53 ne, a wurare biyu masu maƙwabtaka. Yawancin itatuwan suna da fili uku-uku, wasu shida-shida, don kada a ɗora hukunci a kan fili guda.

Shida daga cikin itatuwan masu ganye ne siriri kamar allura: Pinus sylvestris, Pinus nigra, Picea abies, Abies alba, Larix decidua, da Pseudotsuga menziesii wanda asalinsa Arewacin Amurka ne. Takwas kuma masu faffaɗan ganye ne da ke kaɗe ganyensu kafin hunturu: Tilia cordata, Acer iri biyu, Quercus iri biyu (ɗaya na Turai, ɗaya na Amurka), Fagus sylvatica, Betula pendula da Carpinus betulus.

Aikin awon haɗin gwiwa ne tsakanin masanan Polan da na Amurka. Cikinsu akwai Jacek Oleksyn na Cibiyar Nazarin Itatuwa da ke Kórnik, da Peter Reich da Sarah Hobbie na Jami'ar Minnesota. Rahotonsu na farko da ya ja hankalin duniya ya fito a 2005 a mujallar Ecology Letters.

Abin da aka tarar

Tun da daɗewa masu gandun daji a Turai suna da wata ƙa'ida da suke faɗa wa juna: masu allura suna sa ƙasa tsami, masu faffaɗan ganye suna gyara ta. Da wannan zato aka shiga filayen, kuma a kallon farko kamar ya tabbata.

A shimfiɗar ganyen da ke saman ƙasa, ma'aunin tsami da ake kira pH ya kama daga kusan 4 a filayen da suka fi tsami zuwa kusan 6 a waɗanda suka fi sauƙi. Lambar ba ta da girma a ido, amma ma'aunin ba ƙirge ne na ɗaya-biyu-uku ba. Kowane mataki ɗaya ninki goma ne, don haka tazarar mataki biyu tana nufin tsamin wannan fili ya ninka na wancan kusan sau 100. Filaye ne da mutum zai taka daga ɗaya zuwa ɗaya cikin 'yan mintuna, kuma shekara 30 kafin nan duk daji ɗaya ne.

Ko ba na'ura, hannu yana iya gane bambancin. A ƙarƙashin irin su Pinus da Larix, ganyen yana taruwa shekara bisa shekara har ya zama tabarma mai kauri. Na sama sabo ne, na tsakiya ya yi duhu, zaren fumfuna ya ɗinke shi, na ƙasa ya koma baƙin gari. Kana iya ɗaga shi kamar fata, ka ga yashi a ƙarƙashi, iyakar da ke tsakaninsu a fili take. A ƙarƙashin Tilia kuwa ganyen da ya zuba da kaka ba ya daɗewa a sama. Abin da ke wurin ƙasa ce mai duhu, mai marmashewa a tafin hannu, ganyen ya shige cikinta har ba ka iya cewa ga inda ya tsaya ga inda ƙasa ta fara.

Da aka jera itatuwan 14 bisa abin da suka yi wa ƙasa, sai tsohuwar ƙa'idar ta fara ɓaci. Tilia da Acer biyu ne a sama, Pinus biyu da Larix a ƙasa, wannan ya yi daidai da zato. Amma tsakiyar jerin a cakuɗe take. Abies alba, mai allura, ya zauna kusa da Quercus, masu faffaɗan ganye. Siffar ganye ba ta bayyana jerin ba. Abin da ya bayyana shi shi ne yawan sinadarin kalsiyam da ke cikin ganyen da ya kaɗe, wanda ya bambanta har ninki huɗu tsakanin na sama da na ƙasa. Duk inda ganye ya fi kalsiyam, tsami ya ragu, kalsiyam da saiwa ke iya ɗauka ya ƙaru, shimfiɗar ganye ta fi saurin ɓacewa. Kuma wannan dangantaka ta tsaya ko an duba masu allura su kaɗai, ko masu faffaɗan ganye su kaɗai. A nan ƙarfin binciken yake.

Yadda abin ke faruwa ba wuya ne a fahimta ba. Ƙwayoyin yumɓu da ruɓaɓɓen ganye suna da gurabe a jikinsu da ke riƙe sinadarai. Idan kalsiyam da magniziyam da fotasiyam suka cika guraben, ƙasa tana da abincin shuka kuma tana iya jure tsami. Idan suka tafi, haidirojin da alminiyam ne ke maye gurbinsu, alminiyam kuwa idan ya narke a ruwan ƙasa mai tsami yana hana saiwa miƙewa. Itacen da ke zubo ganye mai kalsiyam kowace kaka yana sake cika guraben saman ƙasa. Wanda ganyensa ba shi da shi yana barin su suna zubewa.

Jakunkunan raga da abin da suka kasa gani

Wannan ɓangaren ne ya fi burge ni a labarin, domin a nan ne hanyar awo da kowa ya yarda da ita ta nuna iyakarta.

Idan masana suna son sanin saurin ruɓewar ganye, sukan auna busasshen ganye, su zuba shi cikin 'yar jakar raga mai ƙananan ƙofofi, su ɗinke, su kafe ta a ƙasan daji. Bayan wasu watanni su ɗauko, su busar, su sake aunawa. Abin da ya ragu a nauyi shi ne abin da ya ruɓe. Hobbie da abokan aikinta sun yi wannan ta hanya uku a lokaci guda: ganyen kowane itace a filinsa, ganye iri ɗaya a duk filayen, sannan ganyen duk itatuwan a fili ɗaya. Dabarar ita ce a gane ko halin ganyen ne ke aiki ko halin wurin.

Sakamakon da suka wallafa a 2006 ya nuna cewa a cikin jakar, abin da ya fi tasiri shi ne lignin, sinadarin nan mai tauri da ke sa jikin itace ƙarfi. Ganye mai lignin da yawa yana jinkirin ruɓewa. Ɗumin ƙasa ma yana da hannu, domin itatuwan ba inuwa ɗaya suke yi ba, kuma filin da ya fi ɗumi ya fi saurin cin ganye. Kalsiyam a nan na biyu ne.

Sai suka yi wani lissafin ba tare da jaka ba. Suka auna yawan ganyen da ke zubowa a shekara, suka gwada shi da yawan wanda ke jibge a ƙasa. Daga nan ana gane saurin da shimfiɗar ke ɓacewa a zahiri. Abin mamaki, wannan lissafi bai bi na jakar ba ko kaɗan. Abin da ya bi shi ne yawan kalsiyam ɗin ganye.

Mai raba gardamar ita ce tana. Babbar tanar Turai, Lumbricus terrestris, tana haƙa rami a tsaye wanda kan wuce mita ɗaya a zurfi. Da dare takan leƙo, jelarta na cikin ramin, ta laluba ta kamo ganye ta ja shi ciki. A bakin kowane rami ana ganin ɗan tsibi na guntayen ganye da kashinta. Tana son ganye mai kalsiyam, ba ta kuma jure ƙasa mai tsami sosai. A filayen Tilia da Acer ta yi yawa, a filayen da ganye ba shi da kalsiyam ba ta samu wurin zama ba. Ita kuma jakar raga, ƙofofinta sun yi wa babbar tana ƙanƙanta. Wato an yi ta auna ruɓewar ganye alhali an rufe wa babban mai aikin ƙofa.

Wannan ya canza yadda ake kallon lamarin. Itace ba ya canza ƙasa shi kaɗai. Ganyensa ne ke zaɓar wanda zai zauna a ƙarƙashinsa, mazaunin kuma shi ke yin aikin. Inda tana ta samu shiga, ganye yana gangarawa cikin ƙasa da kalsiyam ɗinsa, tsami ya ragu, wurin ya ƙara yi wa tana daɗi, ta ƙara yawa. Inda ba ta shiga ba, ganyen yana kwance a sama, fumfuna na cin sa a hankali, ruwan sama na wanko ruwan tsami daga cikinsa zuwa yashin da ke ƙasa, wurin ya ƙara yi wa tana wuya. Hanya biyu ne, kowace tana ƙarfafa kanta, shi ya sa ɗan bambancin ganye ya zama babbar tazara cikin shekara 30. Wani masanin daji ɗan Danmak, P. E. Müller, ya bayyana waɗannan nau'o'in ƙasan daji biyu tun ƙarshen ƙarni na 19, har ya lura da hannun tana a ciki. Abin da Siemianice ya ƙara shi ne nuna cewa zaɓin mai dashe kaɗai yana iya tura ƙasa mai asali ɗaya zuwa ko wanne daga cikinsu.

Daga ina kalsiyam ɗin yake zuwa?

Amsar da ta fi saurin zuwa baki ita ce itatuwa irin Tilia suna da doguwar saiwa da ke jawo shi daga can ƙasa. An gwada wannan. Jenny Dauer da abokan aikinta sun haƙa ramuka a filayen, suka ƙirga saiwoyi a bangon ramin daga sama har zurfin mita ɗaya. A rahotonsu na 2007 ba su ga alaƙa tsakanin yawan saiwa mai zurfi da yawan kalsiyam a ganye ba. Sai suka raini 'ya'yan itatuwa shida daga cikin 14 a ɗakin gwaji, suna ba su kalsiyam gwargwadon yadda suka tsara. Jerin ya fito kamar na manyan itatuwan da ke daji. Ke nan abin a halittar kowane iri yake: wani yana sha da yawa ya tura wa ganye, wani yana ɗiban kaɗan ko da akwai a gabansa.

A gwajin ne kuma aka ga wani abu da ya kamata duk mai murna da Tilia ya riƙe. Da aka rage masa kalsiyam, girmansa bai wuce kashi 10 cikin 100 na wanda ya samu isasshe ba, sauran itatuwan kuwa ba su nuna wani bambanci na a zo a gani ba. Itacen da ya fi kowa zuba wa ƙasa kalsiyam shi ne ya fi kowa buƙatarsa. Ba ƙirƙirar sa yake yi ba. Daga wannan aljihu yake ɗauka ya sa a wancan, daga cikin ƙasar da saiwarsa ta ratsa zuwa samanta. Idan aljihun farko babu komai, ba abin da zai motsa.

Sauran ƙofofin da tsami ke shigowa

Ganye ba shi ne kaɗai hanya ba, kuma bai kamata a ɗora masa komai ba. Duk saiwar da ta sha kalsiyam ko fotasiyam tana sakin haidirojin a madadinsa, don haka itacen da ke cikin girma yana ƙara wa ƙasar da ke kewaye da saiwarsa tsami ko wane iri ne shi. Wani kaso na abin da ya sha yana komawa ta ganye, wani kuma yana kulle cikin gangar jiki da ɓawo. Ranar da aka sare aka kwashe, wannan kason ya bar filin ke nan. Masu allura da ba sa kaɗe ganye da hunturu kuma suna tace iska duk shekara, suna kama ƙurar salfa da naitirojin, ruwan sama ya wanko ta ƙasa. A tsakiyar Turai ta shekarun 1970 da 1980, lokacin da hayaƙin kwal ya yi yawa, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Naitirojin ma idan ya yi yawa yana juyewa ya zama naitiret, ya bi ruwa ya tafi, ya ja kalsiyam tare da shi.

Akwai kuma wani juyi da ke hana a ce tsami sharri ne zalla. Binciken da aka ci gaba da yi a filayen ya nuna cewa inda alminiyam da ƙarfe suka fi yawa a guraben ƙasa, ruɓaɓɓen abin da ke cikinta yana jinkirin narkewa, domin waɗannan sinadarai suna ɗaure shi yadda ƙananan halittu ba sa samun cin sa cikin sauƙi. Ƙasar da ta fi talauci ga shuka tana iya riƙe kabon ta wannan hanya. Saboda haka wanda ke neman itacen da ya fi gyara ƙasa sai ya fara faɗin abin da yake nufi da gyara: abincin shuka, ko ajiyar kabon, ko katako. Ba lalle ne itace ɗaya ya ba shi duka ba.

Inda ya kamata a yi hattara

Filayen ba su zama ɗaya sak ba. Yumɓu ya ɗan fi yawa a wasu, kuma ba duk itatuwan aka dasa a wuraren biyu ba. Masu binciken sun sa wannan cikin lissafinsu, tasirin kalsiyam ɗin ganye bai ɓace ba, amma ba daidai ne a ce itace ne ya yi komai ba. Fili mai mita 20 kuma ƙarami ne, iska tana ɗaukar ganye ta tsallaka da shi iyaka. Mafi yawan canjin ma a sama yake, a shimfiɗar ganye da ƙasar da ke daf da ita, yana raguwa yayin da ake nutsawa. Kuma yashi ne. Ƙasar da ke kan dutsen farar ƙasa, ko mai yumɓu da yawa, tana da ajiyar da za ta shanye tsamin shekaru ba tare da ma'auni ya motsa sosai ba. Yashin Siemianice ba shi da wannan kariya, shi ya sa hannun kowane itace ya fito ƙarara a kansa.

Duk da haka ba wurin kaɗai ne ya nuna hakan ba. A Danmak an dasa iri shida a wurare da dama a 1973, kuma awon da Lars Vesterdal da abokan aikinsa suka wallafa a 2008 ya bi layi ɗaya. A ƙarƙashin Picea abies kabon ya jibge a shimfiɗar ganye ta sama. A ƙarƙashin Tilia, Acer da Fraxinus (shi ma mai faffaɗan ganye ne) shimfiɗar siririya ce, kabon ya fi shiga cikin ƙasar kanta. Bambancin wurin ajiyar yana da muhimmanci, domin abin da ke kwance a sama shi wuta ko sarar daji ke fara tafiya da shi.

Ga Polan, inda Pinus sylvestris ya mamaye fiye da rabin dazuzzukan ƙasar, yawanci a kan yashi irin wannan, maganar ba ta ɗakin karatu ba ce kawai. A Holan da Beljiyam ma, inda ƙasar dazuzzukan yashi ta yi tsami sosai, masu gandun daji sun shiga cusa Tilia da sauran itatuwa masu ganye mai kalsiyam a tsakanin Pinus da Quercus don su farfaɗo da ita. A ganina dabarar tana da tushe, muddin an auna ƙasar kafin a kawo dashe. Inda akwai ɗan yumɓu da sauran kalsiyam a ƙasa, Tilia zai kama, tana ta biyo baya. A kan tsurar yashin da ruwa ya riga ya wanke, dashen zai tsaya a tsugune kamar waɗancan na ɗakin gwaji, sai dai a fara zuba farar ƙasa ko garin dutse a ramin dashe tukuna.